Nasiha ga muridi a kan abin maye da ma'aunin zuciya

Da sunan Allah muke farawa. Godiya ta tabbata gare Shi, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai muridi, Allah Ya datar da mu da kai, cewa tafarki an gina shi bisa haƙuri, shi ne barin ƙaramin daɗi na yanzu domin babban rabo mai jinkiri. Manomi yana binne iri da damina, ga yunwa a gida, domin ya cika rumbu da kaka. Hankali shi ne ma'aunin da bawa ke auna na kusa da na nesa da shi. Abin maye yana karkatar da wannan ma'auni, har na nesa ya zama kamar babu.

Fasali. Masu bincike a Jami'ar Vermont ta ƙasar Amurka sun gwada haka a shekarar 1997. Suka ba mutane zaɓi: dala 1,000 bayan jinkiri, ko abin da ya gaza haka nan take. Waɗanda hiroyin ta kama suka riƙa yarda da kaɗan domin su karɓa yanzu, fiye da waɗanda ba su sha. Da aka sa hiroyin a maimakon kuɗi, gaggawarsu ta ƙaru. A 1999 wani bincike ya samu cewa darajar abin jira tana faɗuwa a wurinsu wajen ninki biyu na sauran mutane. A 2002 aka ga cewa idan ƙwaya ta saki jiki, ƙishirwarta ta taso, gaggawa tana daɗa ƙarfi. Tiramadol da kodin dangin hiroyin ne, su ne suka addabi samarinmu har gwamnatin Najeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018.

Likitoci sun ce waɗannan abubuwa suna motsa wani sinadari a ƙwaƙwalwa, sunansa dofamin, mai hura kwaɗayi. Dogon sha kuma yana raunana sashen goshi, inda ake shirin gobe da kame kai. Shi ya sa mutum ke rantsuwa da asuba ya bari, da la'asar ya sayar da awon gidansa ya saya. Rantsuwarsa gaskiya ce, amma da abin ya kusanto sai nafsu mai umurni da mugun aiki ta rinjayi ma'auni.

Fasali, a kan magani. Na farko, ka yanke shawara tun hankalinka na tare da kai. Ka bar majalisar masu sha, ka canja hanya, ka damƙa kuɗinka ga amintacce. Na biyu, ka kusanto da na nesa ta hanyar tafakkuri: bayan wuridi ka halarto da ranar auren 'yarka, da tsufanka, da kwanciyar kabari, kamar kana gani. Masu bincike ma sun ga cewa halarto da gobe filla-filla yana rage gaggawa. Na uku, ka je asibiti, ka gaya wa shehinka, domin neman magani ba ya warware tawakkali. Ku kuma 'yan'uwa, kada ku kore shi daga zawiya. Ku tuna an haramta giya daki-daki, a Baƙara, sa'an nan Nisa'i, sa'an nan Ma'ida.

Kada ka ɗebe tsammani. A 1999 an auna mashaya taba sigari da waɗanda suka bari: masu sha sun fi gaggawa, waɗanda suka bari kuwa haƙurinsu ya yi kama da na waɗanda ba su taɓa sha ba.

Ya Allah Ka daidaita ma'aunin zukatanmu, Ka warkar da marasa lafiyarmu, Ka sa mu cika da imani. Amin. Tammat.