Sunan da Aka Gutsure: Shin Ɓoye Kai Yaudara Ce?

A shekarar 1904 wani kiɗa ya fito a birnin Faris na ƙasar Faransa, irin wanda Turawa ke kira sonata, wato kiɗa zalla babu baitin waƙa. An tsara shi kashi huɗu domin sarewa da fiyano, aka sadaukar da shi ga gwanin busa Louis Fleury. Sunan da ke kan takardar shi ne Mel Bonis. Duk wanda ya gani zai iya ɗauka namiji ne, alhali kuwa mace ce, Mélanie Bonis, wadda ta gutsure sunanta da gangan.

Ita wannan baiwar Allah an haife ta a 1858. Ta yi karatu a babbar makarantar kiɗa ta Faris, inda César Franck ya koyar da ita. Iyayenta suka cire ta saboda ta kamu da son wani ɗalibi, suka aurar da ita a 1883 ga wani attajiri mai 'ya'ya biyar. Duk da haka, kafin rasuwarta a 1937 ta tsara kiɗa kusan 300.

To, tambayar da ya kamata mu marubuta mu yi wa kanmu ita ce: shin abin da ta yi yaudara ne?

A ganinmu ba yaudara ba ce. Mayaudari shi ne mai sayar da gurɓataccen kaya da kyakkyawan suna. Ita kuwa kayanta ingantacce ne, abin da ta cire kawai shi ne uzurin da za a fake da shi a ƙi sauraro. Sarewa ba ta faɗin ko mace ce ta tsara abin da take busawa ko namiji. Idan har akwai laifi, to yana wuyan al'ummar da ke duba suna kafin ta buɗe kunne.

Amma kada mu ce dabarar ba ta da hasara. Yarinyar da ta ji wannan kiɗa a wancan zamani, ta yi sha'awar yin irinsa, ba lallai ta san cewa 'yar'uwarta mace ce ta yi shi ba. An tsirar da aikin, an rasa abin koyi. Kuma dabarar ba ta hana a manta da ita ba bayan rasuwarta, sai a ƙarshen ƙarni na 20 aka sake tono ayyukanta.

Saboda haka nauyin yana kanmu, masu karatu da masu sharhi. Idan rubutu ya zo hannunmu, me muke fara dubawa, shafin farko ko sunan da ke bango? Muddin suna ne ke yanke mana hukunci, to mu ne ke tilasta wa masu basira su ɓuya.