Farilla ta Kifaya da Koyar da Kimiyya

Malaman fiƙihu sun kasa farilla kashi biyu. Akwai farilla ta aini, wadda ke wuyan kowane baligi mai hankali, kamar salla da azumi, babu mai ɗauke wa wani. Akwai kuma farilla ta kifaya, wadda ke wuyan al'umma baki ɗaya: idan wasu suka tsaya da ita ta faɗi a kan sauran, idan kuwa aka rasa mai yi, laifi ya hau kan duk mai iko. Misalin da aka fi bayarwa a zaure shi ne jana'iza. Sai dai Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sanya likitanci da hisabi a wannan babi cikin littafinsa Ihya'u Ulumiddin, ya haɗa da sana'o'in da rayuwa ba ta tsayuwa sai da su, irin su noma da saƙa da ɗinki, har da ƙaho. Ya kuma koka da yadda ake samun gari cike da masu karatun fiƙihu amma babu likita Musulmi ko ɗaya. Bisa ƙiyasi, injiniyanci da ilimin kwamfuta sun shiga wannan sahu, tunda ruwan famfo da wutar lantarki da ajiyar banki duk a kansu suke rataye a yau.

Ma'anar kalmar kifaya ita ce wadatarwa, kuma a nan batun ingancin koyarwa ya shigo. Farillar ba ta faɗuwa don an gina makaranta an kafa mata allo a bakin titi, ba ta kuma faɗuwa don an raba takardun shaida. Tana faɗuwa ne idan aka sami mutanen da suka iya aikin, kuma yawansu ya wadatar da jama'a. Injiniyan da gadarsa ba ta jure damina biyu bai sauke wa kowa nauyi ba. Malaman usulu suna da ƙa'ida cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Ke nan horar da malamin lissafi, da biyansa haƙƙinsa a kan lokaci, da tanadin ɗakin gwaji, sun ɗauki hukuncin abin da ake nema da su.

Ibada kanta ba ta rabuwa da lissafi. A rabon gado, idan mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, miji yana da rabi, su kuma suna da kashi biyu cikin uku. Asalin mas'alar shida ne: miji uku, 'yan'uwa huɗu, jimla bakwai, ta zarce asalin. Sai a yi auli, a raba dukiyar gida bakwai, kowa ya ɗan ragu gwargwadon rabonsa. Wanda bai ƙware a ƙididdigar kaso ba, zai ci haƙƙin wani yana zaton adalci yake yi. Littafin aljabara da Alkawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, babban ɓangarensa a kan gado da wasiyya yake, kuma daga sunansa aka samo kalmar algorizim da masu kwamfuta ke amfani da ita. Ƙasar Hausa ma ba baƙuwa ba ce a fagen: Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a 1732 kan hanyoyin tsara hatimin lambobi wanda jimlar kowane layinsa take zama ɗaya.

Akwai wata tambaya da ta fi wuya: me ake nufi da a ce mutum ya san abu? Hadda tana da muhallinta. Alƙur'ani ana kiyaye shi harafi da harafi, kuma yaron da ya haddace jadawalin sau ya huta. Amma kimiyya dalili da gwaji take nema. Ibnul Haisam, mai littafin Manaziri kan haske da gani, ya rubuta wani littafi sukutum na shakkun da yake da su kan maganganun Badalimus, masanin falaki na zamanin da, duk da girman Badalimus a idon masanan zamanin Ibnul Haisam. Ɗalibin da ya rubuta ƙa'idar Newton daidai a jarrabawa, amma bai iya bayyana dalilin da ya sa fasinja ke tunkuɗuwa gaba idan direba ya taka birki ba, taƙalidi yake yi, bai kai ga sani ba tukuna.

Abin takaici, haka darasin yake a azuzuwa da yawa. Malami zai zana kwalbar gwaji a allo, ya zana wuta a ƙarƙashinta, ya rubuta launin da ruwan zai koma, yara su kwafe. Darasin kwamfuta ma da alli ake yin sa, alhali tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta kwamfuta, har akan sami ɗalibin da ranar jarrabawar ce ranarsa ta farko da taɓa na'urar. Rashin kuɗi uzuri ne, amma bai rufe ƙofa duka ba. Ruwan zoɓo kaɗai ya isa a nuna bambancin asid da kishiyarsa: a matsa masa lemon tsami ya ƙara ja, a zuba masa jiƙon kanwa ya juye ya yi duhu-duhu mai ratsin kore. Sanda da aka kafa a filin makaranta, ana auna inuwarta daga hantsi zuwa la'asar, tana koyar da kusurwa da gwargwado, tana kuma nuna yadda magabata suke gane shigar lokacin salla. Irin wannan darasi malamin da ya fahimci abin da kansa ne kawai zai iya shirya shi, shi ya sa gyara yake farawa daga kwalejojin horar da malamai.

Harshe ma yana cikin sharuɗɗan fahimta. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara darussan firamare da Yarabanci, har da lissafi da kimiyya, ya nuna cewa ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba.

Nauyin ya fi ƙarfi a kan hukuma, domin ita ke riƙe da baitulmali, kuma an ga abin da niyya take haifarwa: makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da Jihar Kano ta buɗe a 1977 sun yaye likitoci da injiniyoyi masu ɗimbin yawa. Iyaye suna da nasu kason, musamman game da 'ya'ya mata, tunda al'ummar da ke son mace ta duba mace a asibiti dole ta bar 'yarta ta karanta kimiyya har ƙarshe. Masu hali kuwa ƙofar waƙafi a buɗe take gare su. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284, inda ake jinya ana kuma koyar da likitanci, da dukiyar waƙafi aka riƙa tafiyar da shi. Attajirin da ya tsayar da waƙafi don ɗakin gwaji ko albashin malamin lissafi, sadaka mai gudana ya yi, daidai da wanda ya haƙa rijiya.