Tabarmar Bagwariya



A babban hutun da ya wuce, mu ƴan ƙungiyar teyatur ta unguwarmu a Magaria muka yanke shawarar yin wasa a kan labarin Bayajidda. Ba wata hikima ta sa muka zaɓe shi ba. Kowa ya san shi, Daura kuma ga ta nan ƙetaren iyaka, da yawanmu muna da dangi a Zango ko Baure, wasu ma sun taɓa leƙa rijiyar Kusugu da idonsu. Ni ban iya wasa ba, muryata rawa take a gaban jama'a, sai aka ɗora mini aikin tsara fage: ina rijiya za ta zauna, ina fada, wa zai shigo ta wace ƙofa. Na ɗauka aikin kwali ne da fenti da igiya. Wannan aikin ne ya jefa ni cikin tambayar da nake so mu yi tunani a kanta tare: in mun gaji labari daga kakanni, kuma a cikinsa akwai wanda aka ƙasƙantar, mene ne haƙƙinsa a kanmu ranar da muka ɗora labarin a kan fage?

Bari in tuna mana labarin a gajarce. Bayajidda ya taso daga Bagadaza, ya zauna a Borno, ya gudo, ya bar matarsa a hanya ta haifi Biram. Maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura da dare, ya roƙi tsohuwa Ayana ruwa, ta ce ba a samun ruwa sai ranar Juma'a saboda macijin da ke cikin rijiya. Ya je ya sare kan macijin, ya auri sarauniya Daurama. Ita ce ta ba shi baiwarta, Bagwariya, wadda ta haifi Karɓagari. Daga baya Daurama ta haifi Bawo. Ƴaƴan Bawo shida suka riƙe Daura, Katsina, Zazzau, Gobir, Kano da Rano. In an haɗa da Biram, Hausa Bakwai ke nan. Zuriyar ɗan baiwa kuwa aka kira su Banza Bakwai, su Zamfara da Kabi da Yawuri da Nufe da sauransu.

Na zana tsarina a kaye. Karagar Daurama a tsakiya, bisa tebur biyu da aka lulluɓe da darduma. Rijiya daga dama, tsohuwar tayar mota ce da kwali. Maciji na buhu ne da aka cusa wa tsummoki. Tabarmar Bagwariya kuwa na sa ta can baya, a kusurwar hagu, dab da inda ƴan wasa ke fita.

Ranar rabon matsayi kowa yana son Daurama, samari suna faɗa a kan Bayajidda. Da aka zo kan Bagwariya sai wuri ya yi tsit, idanu suka juya wajen wata ƙanwarmu. Kun san irin maganar da ake yi a garuruwanmu a kan asalin wasu gidaje, wadda ba a ɗaga murya a faɗe ta sai ranar neman aure. Ba wanda ya furta komai, amma duk mun san abin da ya juya idanun nan, har da nawa. Yarinyar ta ce ta karɓa. Ta ɗauki kayena ta duba, ta ce, “Yaya, me ya sa tabarmata take bakin ƙofa, wajen takalma?” Na ce ai haka labarin yake. Ta ce, “A ina labarin ya ce wajen takalma?”

Wallahi na rasa amsa. Labarin ya ce ita baiwa ce, amma bai faɗi inda take zama ba. Ni na ajiye ta can, da hannuna, ba tare da na yi tunani ko na minti ɗaya ba.

A makon nan wani yayanmu da ke karatu a Jami'ar André Salifou ta Damagaram ya zo hutu, ya ara mini wasu takardun hotokofi a kan tarihin tsara fagen wasa. A nan na gane cewa abin da hannuna ya yi tsohon abu ne ƙwarai. A filin wasan Girkawan dā, bayan ƴan wasa akwai wani ɗan gini na katako da suke kira skene, wato rumfa ko tanti. Daga nan Faransanci ya samo kalmarsa ta fage. Ginin nan shi ke gaya wa ƴan kallo inda suke, galibi ƙofar fada ko ɗakin bauta. Daga baya wani magini ɗan Rum mai suna Bitrub, wanda ya rayu a ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta cewa fage iri uku ne. Wasan baƙin ciki a yi masa ginshiƙai da ado irin na gidan sarauta. Wasan ban dariya a yi masa gidajen mutanen gari. Na ukun a yi masa itatuwa da koguna. A 1545 wani ɗan Italiya, Sebastiyano Serliyo, ya zana fagagen nan uku a littafinsa, masu teyatur na Turai suka daɗe suna koyi da zanen.

Ku lura da abin da tsarin nan yake faɗi tun kafin ɗan wasa ya buɗe baki: hawaye na ƙofar sarki ne, ƙofar talaka kuwa wurin dariya ce. To, mu ma ba haka muke yi ba? A teyatur ɗinmu sarki yana bisa kujera, baƙauye yana ƙasa da yagaggiyar hula, da ya motsa a fashe da dariya. Mai tsara fage yana raba wa mutane daraja da tsayin tebur da nisan tabarma, ƴan kallo kuma su haɗiye ba su sani ba.

Amma a takardun nan na ga wani abu kuma. Girkawan da kansu ba su ɗauki tatsuniyoyinsu kamar dutsen da ba a taɓawa ba. Labarin Elektra, ƴar sarki Agamemnon da ta nemi fansar mahaifinta, manyan marubutansu uku duk sun yi wasa a kansa. Eshil ya nuna nasa a shekara ta 458 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi da Sofokil duka sun kai ƙarshen labarin ƙofar fada. Eripid kuwa sai ya mayar da ginin bayan fage bukkar wani manomi matalauci da aka aurar masa da Elektra, ya sa ta shigo da tulun ruwa a ka. Labari ɗaya ne, kisa ɗaya, amma a gaban bukka fansar ba ta ƙara yin kama da jarunta ba, manomin nan kuma shi ya fi kowa mutunci a wasan. A shekara ta 415 wannan Eripid ɗin ya ɗauki yaƙin birnin Turwa, labarin da Girkawa ke alfahari da shi, ya nuna shi daga wajen matan da aka kama za a raba su bayi. Wasan yana buɗewa da tsohuwar sarauniya Hekuba kwance a ƙasa gaban tantunan fursunoni. Watanni kaɗan kafin nan, mutanen Atina da ke zaune suna kallo sun kashe mazan tsibirin Melos, sun sayar da matansu da ƴaƴansu.

Na kawo wannan magana wajen gwaji, sai gardama ta tashi, kuma dole in faɗi gaskiya, waɗanda suka ja da ni ba shirme suka faɗa ba.

Na farko ya ce, “Kai wa ye da za ka gyara tarihi? Abin da manya suka bar mana ke nan. In ka taɓa shi yau, gobe wani ya cire macijin.” Akwai gaskiya a nan. Labarin ba nawa ba ne ni kaɗai, kuma wanda ya mayar da gadon jama'a abin wasan son ransa ya ci amana. Sai dai tambaya ita ce, wane labarin ne manya suka bari? Ba ɗaya ba ne. Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu, a littafinsa Infaƙul Maisuri na wajen 1812, ya kawo cewa yawancin sarakunan ƙasar Hausa sun fito ne daga wani bawan Sarkin Borno mai suna Bawo. Kun ji fa. A wani bakin Bawo ɗan sarauniya ne, a wani bakin shi kansa bawa ne. Kowane mai ba da labari yana da wurin da yake tsaye da wanda yake son ɗagawa. In haka ne, cewa “haka labarin yake” ba ta wanke ni. Zaɓi na yi, sai dai na yi shi ido rufe.

Na biyu, wata ƴar'uwarmu, ta ce to a kawo kujera a zaunar da Bagwariya daidai da Daurama, magana ta ƙare. Da farko na so wannan shawara, don ita ce mai sauƙi, kuma da ta sa mun ji mu mutanen kirki ne. Ƙanwarmu da za ta yi wasan ita ta ƙi. Ta ce, “In kun ba ta kujera kun yi ƙarya. Kyauta aka yi da ita kamar akuya. Ko sunanta ba a riƙe ba, sai sunan ƙabilarta. Kuna so ku ɓoye wannan?” Nan ma na yi shiru. Bauta ba tatsuniya ba ce a ƙasar nan. Sai a 2003 dokar Nijar ta mayar da ita laifin da ake ɗaure mutum a kansa, a 2008 kuma kotun CEDEAO ta ba Hadijatou Mani gaskiya a kan ƙasarmu, don ba a kare ta daga bauta ba. Wanda ya shafe ƙasƙancin Bagwariya daga fage don ya ji daɗi, ya taya masu cewa abin bai taɓa faruwa ba.

Kun ga inda muka tsaya. In mun bar ta wajen takalma, mun maimaita wulaƙancin, mun koya wa yaran da ke zaune a layin gaba cewa nan ne wurinta. In mun ɗora ta a kujera, mun rufe laifin da darduma. Na kwana biyu ina juya kayen, har na lura cewa tambayoyi biyu na cakuɗa. Ɗaya ita ce, wane matsayi labarin ya ba ta? Wannan ba ni da ikon canza shi. Ɗayar ita ce, daga ina ƴan kallo za su kalli labarin? Wannan kuwa aikina ne, ba na Bayajidda ba, ba na kakanni ba.

Sai na juya fagen. Karagar Daurama ta koma baya, tana nan bisa teburanta biyu, ba a rage mata ko taki ɗaya ba. Tabarmar Bagwariya tana nan a ƙasa, tsohuwa, amma na jawo ta gaba, tsakiya, kusa da rijiya, har ƙafafun yaran layin farko suna kusan taɓa ta. Ba mu ƙara kalma ko ɗaya a wasan ba. Da Daurama ta yi kyauta da ita, muryar daga baya ta fito, amma fuskar da jama'a ke gani kusa ta wadda aka bayar ce. Da aka sa wa ɗanta suna, da aka sa wa Bawo nasa, duk a kan fuskarta mutane suka karanta abin da ke faruwa.

Ba zan ce muku duniya ta canza a daren ba. Mun yi wasan a filin makaranta da fitilu biyu da janareto na haya. An yi ihu da aka sare macijin buhu, kamar yadda muka zata. Wasu samari a baya sun yi ta kiran ƙanwarmu da sunan baiwa bayan an tashi, suna dariya, na ji kamar in nutse. Wani dattijo ya tare ni ya ce, “Yaro, kun juya wa sarauniya fada baya.” Na durƙusa na ce, “Baba, ba mu sauke ta ba.” Ya dube ni ya ce ya gani, amma duk tsawon wasan ya kasa ɗauke ido daga yarinyar nan, bai kuma san ko hakan ya yi masa daɗi ba. Ya tafi bai ƙara ba.

Abin da na fito da shi ke nan. Wanda labarin gado ya ƙasƙantar, ba ya bin mu bashin mu yi masa ƙarya, mu naɗa masa rawanin da ba a taɓa naɗa masa ba. Bashin da yake bin mu shi ne kada mu ƙara masa da namu ƙasƙancin, kuma mu ajiye shi inda za a gan shi mutum. André Salifou, wanda jami'armu ta Damagaram ke ɗauke da sunansa, masanin tarihi ne, amma bai ga laifi ba ya ɗauki Sarki Tanimun ya mayar da shi wasan kwaikwayo. Ɗora tarihi a fage ba cin amanarsa ba ne. Cin amana shi ne ka yi zaɓi sannan ka ɓuya a bayan kakanni ka ce su suka yi.

Saura abu biyu da ban warware ba. Na farko, idanun nan da suka juya ranar rabon matsayi. Jawo tabarma gaba bai goge wannan ba. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, amma mun yi alkawari in za mu sake wasan sai an jefa ƙuri'a a kan kowane matsayi. Na biyu, ƴan'uwanmu na Dungass sun gayyace mu mu kai musu wasan a hutu mai zuwa, kuma a ƙarshensa akwai inda maroƙi ke jero Hausa Bakwai da Banza Bakwai. A kasuwannin iyakar nan muna cin abinci kwano ɗaya da Zamfarawa da Kabawa da Nufawa. Mu bar kalmar nan ta banza yadda take don haka aka gada, ko mu cire ta, ko akwai wurin da za a tsayar da maroƙin wanda zai sa jama'a su ji nauyinta? Har yanzu shafin nan na kayena fari ne. Wanda yake da shawara ya rubuto, a sa a fitowa ta gaba.