Hankalin da Ya Rabu: Laifin Na'ura Ne, ko na Zuciya?

Karatu: Luka 10:38-42, Zabura 1:1-3

A wata majami'a da muka yi sujada a ƙasar Filato, sa'ad da mai karatu ya ambaci sura da aya, mutane da yawa ba su buɗe littafi ba, wayar hannu suka fitar. Ba mu ga laifin wannan ba, gama Maganar Allah ba ta rage tsarki domin an karanta ta a fuskar waya. Amma wani saurayi da ke zaune a gabanmu, yana cikin bin karatun da yatsa, sai saƙo ya faɗo bisa ayar. Ya taɓa shi. Har aka yi addu'ar rufewa bai komo wurin Luka ba. Muna shirin zarginsa a zuci ke nan, sai muka tuna mu ma da asubar ran nan mun duba waya tun ba mu ce wa Ubangiji komi ba.

Laifin wa ke nan? Dattawa da yawa su kan ce waya ce ta lalatar da mutanen zamani. Samari kuwa su kan amsa su ce waya kamar fartanya ta ke, abin da mai riƙe da ita ya nufa shi ta ke yi. Muna tsammani kowane cikinsu ya kama rabin gaskiya ya saki rabi.

Ga dattawa za mu ba da labarin Agustin, bishop na Hippo, a ƙasar da a ke kira Aljeriya yanzu. Wajen shekara ta 400 ya rubuta littafin da ya furta zunubansa ga Allah a ciki. Cikin abubuwan da ya yi kuka da su har da wannan, cewa yana zaune a gida sai ƙadangare mai kamun ƙuda, ko gizo-gizo mai tarko da saƙarsa, ya ɗauke masa hankali. In kuwa yana tafiya a jeji ya hangi kare yana korar zomo, sai babban tunanin da ya ke ciki ya watse. Ya ce irin waɗannan ƙananan abubuwa su kan katse masa addu'a. Mutumin nan bai taɓa ganin rediyo ba, balle waya. Ƙadangare ya ishe shi. Tun kafin zamaninsa ma, Luka ya shaida mana cewa mutanen Atina ba su da abin yi da lokacinsu sai faɗi da jin sabon labari (Ayyukan Manzanni 17:21). Ashe ƙaiƙayin kunne tsohon ciwo ne.

Haka kuma Marta. Mu da mu ke aikin juya Littafi mun daɗe a kan kalmar Helenanci da Luka ya yi amfani da ita a aya ta 40, gama ma'anarta ita ce a jawo mutum nan a jawo shi can, kamar akuyar da yara biyu ke jan igiyarta. Hausa ba ta rasa abin faɗi a nan ba, har ta fi waɗansu harsuna wadata: mu kan ce hankali ya tashi, ya rabu, ya kwanta, mu kan ce an ɗauke shi, ko a mai da shi. Duk wanda ya ce "mai da hankali" ya riga ya yarda hankali abu ne mai yawo, wanda sai an komo da shi gida. Kakannin da suka bar mana wannan magana ba su san lantarki ba.

Amma samari su ma kada su yi saurin murna. Fartanya ba ta kiran mai ita da tsakar dare. Sa'ad da rediyo ya shigo gidajenmu, Rediyo ELWA tun daga 1954, Sashen Hausa na BBC kuma daga 1957, kowane shiri yana da lokacinsa. In ya ƙare a kashe akwati a kwanta. Wayar hannu da ta fara bazuwa a Nijeriya a 2001, da dandalin intanet da suka biyo baya, ba su da sa'ar rufewa. Yawancin waɗannan dandali ba sa karɓar kuɗi a hannunmu, daga masu talla su ke samun riba, masu talla kuwa idonmu su ke saya. Saboda haka aka shirya na'urar ta riƙa auna abin da mutum ya tsaya a kai, da daɗewar tsayawarsa, ta kawo masa irinsa, ta ƙara kawowa, shafin kuma ba shi da ƙarshen da za a kai a ce an gama. Me ya fi tsai da ɗan Adam? Abin da ya ba shi haushi, da abin da ya ba shi tsoro, da abin da ya ta da sha'awarsa ko hassadarsa. Na'ura ba ta shuka waɗannan a cikinmu ba. Ubangiji ya riga ya faɗa cewa daga cikin zuciya mugunta ke fitowa (Markus 7:21-23). Tarar da su ta yi, ta yi ta ba su ruwa. Shi wannan Ubangiji kuma ya yi kashedi mai zafi ga wanda tuntuɓe ke zuwa ta wurinsa (Matta 18:7), don haka masu ƙera tarko suna da tasu amsar da za su bayar. Tamu amsar dai tana nan tana jiranmu.

Kada wani ya ce ƙaramin al'amari ne, ɓata lokaci kawai. Ku da kuka zauna a Jos ko Kafanchan a kwanakin tashin hankali kun san yadda hoto guda ke zaga gari kafin la'asar. Wani lokaci hoton na wata ƙasa ne, ko na wata shekara, amma an rubuta sunan ƙauyen maƙwabta a ƙarƙashinsa. Mai bi ya gani, zuciyarsa ta tafasa, yatsa ya riga tunani, ya tura wa mutum hamsin. Shari'ar Musa ta hana baza labarin ƙarya (Fitowa 23:1), ba ta kuwa keɓe wanda ya baza shi cikin gaggawa ba. Tsakanin gani da turawa akwai ɗan lokaci kamar na numfashi ɗaya. Wanda ya rasa ikon tsayawa a wannan ɗan lokaci yana iya sa hannu cikin jinin da bai taɓa nufin zubarwa ba.

Mutanen Amurka da Turai sun ji wannan ciwo, suna neman magani. Tun 1979 aka fara koyar da wata hanya a wani asibiti a Amurka, wadda asalinta daga addinin Buddha ne: mutum ya zauna shuru, ya lura da numfashinsa, in tunani ya zo ya bar shi ya wuce. Ba mu raina ta ba. Mutane da yawa sun shaida ta rage musu damuwa, kuma abin kunya ne gare mu in waɗansu sun fi masu bi iya zama shuru. Amma Maryamu ba numfashinta ta zauna saurara ba. A gaban wani ta zauna, tana jin maganarsa. Natsuwar mai bi tana da Wanda ta ke fuskanta.

Kalmar Ibrananci da Zabura ta fari ta yi amfani da ita domin tunani a kan shari'ar Ubangiji, ita ce Ishaya ya faɗa a kan gurnanin zaki bisa abin da ya kama (31:4), da kukan kurciya (38:14). Watau maimaitawa ce a hankali, ƙasa-ƙasa, kamar yadda saniya ke tuƙa da dare abin da ta ci da rana. A nan ne sabuwar na'ura mai amsa tambaya, wadda ta bazu a duniya tun ƙarshen 2022, ta ke gwada mu. Tana iya tsara wa mai bishara wa'azi kafin ruwan shayinsa ya tafasa, mu ma mun ga ta juya sura guda cikin ƙiftawar ido, wani wuri daidai, wani wuri da kuskuren da sai mai lura zai kama. Taimako ne, ba mu musa ba. Sai dai ba a aiken wani ya ci abinci a madadinka. Wa'azin da bai kwana a zuciyar mai yinsa ba, jama'a su kan ji ɗanyensa, ko da ba su san dalili ba.

Akwai kuma abin da mu kan manta. Luka ya ajiye labarin Marta da Maryamu nan da nan bayan misalin Basamariye. Firist ya ga mutumin da ke kwance a hanya, Balawi ma ya gan shi, suka ratse. Basamariye ya gani, ya tsaya. Dukansu uku idonsu lafiya lau. Ɗaya ne kaɗai ya bar abin da ya gani ya tsai da shi. Don haka kada wani ya ɗauka darasin nan na masu son kaɗaici ne. Hankalin da ke zama a gaban Almasihu shi ne kuma ke lura cewa matar gida ta yi shuru kwana uku, ko yaro ya faɗi magana sau biyu mahaifinsa bai ɗaga kai daga waya ba. Ba aikin Marta aka tsauta wa ba, gama baƙi sai sun ci tuwo. Damuwar da ta raba ta da Baƙon da ta ke yi wa hidima, ita Ubangiji ya taɓa, ya kuwa kira sunanta sau biyu kafin ya faɗa.

Ba mu da doka da za mu ɗora wa kowa. Waɗansu gidaje sun shirya waya ba ta kwana a ɗakin barci. Wata ƙungiyar zumuntar mata da muka sani ta kan tara wayoyi cikin faifai a bakin ƙofa har a tashi. Yesu kansa, bayan ranar da dukan gari ya taru a ƙofar gida, ya tashi da sauran duhu ya tafi inda ba kowa domin ya yi addu'a (Markus 1:35), har sai da Saminu ya bi sawunsa ya ce masa kowa na nemansa.

Mai jagorar ƙungiya ya sa a karanta Luka 10:38-42 sau biyu, a yi shuru na minti biyar a tsakani. Bayan haka kowa ya faɗa, ba tare da jin kunya ba, inda hankalinsa ya tafi cikin mintocin nan biyar, da abin da ya komo da shi.