Kwana Goma Sha Huɗu na Jira: Shin Fargaba Rashin Tawakkali Ce?



Kwanakin baya na je gaishe da wata ƙanwata a Dirin Daji, hedikwatar ƙaramar hukumar Sakaba. Shekararta 9 da aure, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Sun nemi magani a Zuru, sun je Sakkwato, daga ƙarshe maigidanta ya sayar da shanu da buhunan dawa suka tafi Abuja. Can aka haɗa ƙwanta da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, aka dasa mata ɗan tayin a mahaifa, aka ce ta koma gida, bayan mako biyu ta yi gwajin jini. Na same ta a kwana na shida, ta rame, ba barci, ba cin abinci. Ta ce da ni, "Yaya, ba jiran ne ya fi damuna ba. Tsorona kada wannan fargabar ta zama rashin tawakkali, Allah Ya hana ni saboda ita."

Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin na san ba ita kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida yana gamuwa da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa.

Da farko dai, neman maganin halas ne. Cibiyar fatawa ta Masar a 1980, da Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na birnin Amman a 1986, sun halatta wannan aiki, muddin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, mahaifar tata ce, kuma aurensu yana nan. Manzon Allah (SAW) kuwa ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Wadda ta sha allurai ta jure wahalar hanya, ai ta ɗaure nata.

To, fargabar fa? Wasu za su ce da kin dogara ga Allah da gaske, da kin yi barcinki. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don tawakkali yana kawo natsuwa. Amma mu duba mahaifiyar Annabi Musa (AS). Allah da kanSa Ya yi mata alkawarin dawo mata da ɗanta, duk da haka Suratul Ƙasas ta nuna mana hankalinta ya tashi har ta kusa tona asirin, sai da Allah Ya ƙarfafa zuciyarta. Nana Hajara ta san Allah ba zai tozarta ta ba, amma sau bakwai tana kai da komo tsakanin Safa da Marwa. Ba a zarge su ba. Hasali ma, wannan kai da komon ya zama ibadar da mahajjata ke yi har gobe.

Ashe bugun zuciya ba zunubi ba ne, don ba ke kika zaɓe shi ba. Abin da za a tambaye ki shi ne inda fargabar ta kai ki. In ta kai ki kan sallaya, ta zama alheri. In ta kai ki gidan boka, ko ta sa kika yanke ƙauna daga rahamar Allah, nan ne aka yi asara.

Ta fuskar likitanci ma akwai abin kwantar da hankali. Wani nazari da aka buga a Ingila a 2011, wanda ya tattara bincike 14 a kan mata fiye da 3,500, ya nuna damuwar mace ba ta rage mata damar samun ciki ta wannan hanya. Kada kuma ki zauna kina ƙirga alamomi. Maganin da ake ba ki don riƙe ciki shi kansa yana kawo ciwon nono, kumburin ciki da kasala. Gwajin fitsari kafin ranar da aka sa miki yana iya yaudarar ki, saboda ragowar allurar da aka yi miki. Kwanciya wuni guda ba ta ƙara komai. Ki sha maganinki a kan lokaci, ki yi 'yan ayyukanki marasa nauyi, ki riƙi azkar da karatun Alƙur'ani, ki sami mutum ɗaya amintacciya da za ki riƙa faɗa wa damuwarki. In kin ga jini mai yawa ko ciwo mai tsanani, maza asibiti.

Mu kuma da ke gefe, wallahi mu ji tsoron Allah. Uwar miji da kishiya da maƙwabta, a daina "Yaya dai, an samu?" A daina kiran baiwar Allah juya, alhali sau da yawa matsalar daga namiji take. Maigida ma ya sani shirun nan da yake yi, matarsa fassara shi take yi da fushi. Ya zauna su tattauna tun kafin ranar gwaji: in aka samu me za mu yi, in ba a samu ba me za mu yi?

Domin gaskiyar da ba a son faɗa ita ce, dashen ba kullum yake kamawa ba, da yawa sai sun maimaita. Tawakkali ba ciniki ba ne da za ki ce na dogara, to a biya ni. Annabi Zakariyya (AS) ya samu bayan tsufa. Nana A'isha (RA) ba ta haihu ba, amma ita ce Uwar Muminai da muke shan iliminta har yau. Darajarki a wurin Allah ba a cikin takardar gwaji take ba.

Ƙanwata ta yi gwajinta. Abin da ya fito sirrinta ne. Abin da zan iya faɗa muku shi ne, daren da za ta je ta yi kuka, ta yi sallah, sannan ta yi barci.

Allah Ya ba masu nema zuri'a ɗayyiba, Ya sanya natsuwa a zukatan masu jira, amin.