Amanar Mai Riƙe da Na'urar Intanet

A unguwar Mairi, wadda take maƙwabtaka da Jami'ar Maiduguri da aka kafa a 1975, inda ɗalibai da yawa suke hayar ɗakuna, akan sami mutanen gida ɗaya su haɗa kuɗi su sayi na'urar rarraba intanet, su damƙa sha'aninta a hannun ɗayansu. Wannan damƙawa kuwa, a ganina, wilaya ce ko da ƙarama, kuma babu wilayar da ba ta da hisabi gobe ƙiyama.

Abin da jama'ar gida suke gani zahirin na'urar ne kurum, wato 'yan fitilun da ke goshinta, ɗaya tana shaida akwai lantarki, ɗaya tana shaida tana watsa sigina, ɗaya kuma ta nuna ko ta sadu da kamfanin sadarwa. Amma wanda aka ba kalmar sirri, in ya buɗe shafin gudanarwa, baɗini yake gani: sunan kowace waya da ta shiga, da lambar shaidarta, da yawan datar da ta sha, a wasu na'urorin har da shafukan da ta ziyarta, yana kuma da ikon rage wa wannan gudu, ya toshe wancan, alhali fitilun suna nan kore shar, ba su tona masa asiri.

Aya ta 12 cikin Suratul Hujurati ta hana tajassusi, wanda malaman tafsiri suka bayyana da bin diddigin abin da mutane suka suturta, ban kuwa ga hujjar da za ta fitar da wayar maƙwabci daga wannan hukunci ba, tun da yake sirrin mutum a yau ya fi taruwa cikinta bisa ga cikin ɗakinsa. Na yarda akwai larura, domin idan data tana ƙarewa tun wata bai raba ba, ya halatta a duba ko wani baƙo ya kutso, a sauya kalmar shiga. Sai dai fuƙaha'u ba su yarda a wuce gwargwadon larura ba.

Mutanen Maiduguri, da suka ga katsewar layukan waya bayan dokar ta-ɓaci ta watan Mayun 2013, sun san ɗacin a raba mutum da 'yan'uwansa. Saboda haka, ya ɗan'uwa mai riƙe da na'ura, kada ka toshe kowa don husuma sai da shawarar waɗanda suka haɗa kuɗin, kuma tun ranar da suka ɗora ka, ka sanar da su iyakar abin da shafin nan yake nuna maka.