Ko Yarda Tana Tsarkake Sana'a?

A tsakiyar shekarun 1970 wani irin kiɗa mai suna pank ya ɓulla a biranen New York da Landan. Samarin da suka ƙago shi sun yi fushi ne da manyan kamfanonin faifai da suka mayar da waƙa haja, saboda haka suka riƙa yage tufafinsu, suna rina gashi, suna buga faifansu da hannunsu. Aƙidarsu ita ce kowa ya yi abinsa da kansa, kada ya jira wani mai kuɗi ya ba shi izini.

Wannan aƙida ce wata Ba'amurkiya da aka sani da sunan Joanna Angel ta ɗauka ta shiga da ita sana'ar finafinan batsa. Ta tashi a gidan Yahudawa masu riƙo da addini, ta yi karatun adabin Turanci a Jami'ar Rutgers, kana a 2002 ta kafa kamfanin Burning Angel tare da wani abokinta. Ita ce 'yar wasa, ita ce mai ba da umarni, ita ce kuma mai kamfani. Masu kare irin wannan aiki suna cewa tun da babu wani ƙato a bayanta da ke tilasta mata yana kwashe ribar, to ina laifin?

Lalle hujjar ba ta wofi ba ce. Tilas zalunci ne babba, kuma a Suratun Nur, aya ta 33, Alƙur'ani ya hana iyayengiji tura kuyanginsu karuwanci don neman abin duniya; malaman tafsiri sun ce Abdullahi ɗan Ubayyu, shugaban munafukan Madina, yana cikin masu yin haka. Macen da ta kuɓuta daga hannun irin wannan mutum an rage mata cuta guda.

Amma fa cuta guda ce aka rage. Yarda tana amsa tambayar wane ne ya sa aka yi, ba ta amsa tambayar mene ne aka yi. Mai cin riba da mai ba da ita sukan rabu da musafaha, kowa ya yarda, duk da haka shari'a ba ta halatta cinikin ba. A wurin Musulmi jiki amana ne, kuma wanda aka ba ajiya ba ya sayar da ita don kawai babu wanda ya matsa masa. Har ila yau akwai na uku a cinikin da ba a cika ambatonsa ba, watau mai kallo, wanda kuɗinsa ne ke riƙe da kasuwar. Abin lura ne cewa a surar nan, umarnin runtse ido ya fara da maza a aya ta 30 kafin ya zo kan mata. Mai zagin 'yar wasa da rana ya neme ta da dare bai da bakin magana.

Shi kuwa tawayen da aka yi tinƙaho da shi bai kai ko'ina ba. Zanen jiki da rinannen gashi, waɗanda aka ƙirƙira don a ɓata wa 'yan kasuwa rai, su ne suka zama alamar da ke jawo masu saye. A 2019 aka sayar da Burning Angel ga Gamma Entertainment, wani babban kamfani da ke birnin Montreal na ƙasar Kanada.